Kwamfutata Dell ta cika: ana ƙara mata wurin ajiya, ko sai dai na waje?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki a Zariya. Na sayi kwamfutar tebur tokumbo, Dell OptiPlex 7050, ƙaramin akwatin nan da ake kwantarwa a kan tebur, da SSD mai 256GB. Yanzu layin C ya koma ja, bidiyon biki ɗaya ba ya shiga sai na goge wani. Wani mai sayar da kayan kwamfuta ya ce min irin waɗannan na kamfani ba a ƙara musu komai, sai dai in sayi faifan waje mai USB. Gaskiya ne? In ana ƙarawa, me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ana ƙarawa, kuma a irin taka ma ba sai ka ɗauke ta zuwa wurin mai gyara ba. Dell da kansu sun wallafa littafin da ya nuna yadda ake cire faifai da saka wani a 7050, da zane da komai, kyauta a shafinsu. Amma kada mu ci zalin mai kayan nan, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Kwamfutar da kamfani ya harhaɗa ya rufe, irin su OptiPlex na Dell, EliteDesk da ProDesk na HP, ThinkCentre na Lenovo, don ofisoshi aka ƙera ta, kuma da yawa ake saye a lokaci guda. Duk wayar da ba a buƙata ranar da za ta bar masana'anta, ba a saka ta. Duk mariƙin da babu faifan da zai riƙe, ba a saka shi. Shi ya sa mutum zai sayo faifai mai 2TB da murnarsa, ya buɗe akwati, ya tarar ga wurin jona wayar bayanai amma babu filogin wuta, ko ga filogi amma babu inda faifan zai zauna. Don haka kada ka fitar da ko sisi tukuna. Ka fara buɗewa ka duba, abin da idonka ya gani shi zai gaya maka abin da za ka saya.

Tun kafin ka ɗaga murfi, bari Windows ta gaya maka wane irin SSD ne a ciki. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi Disk 0. A sama daga dama za ka ga sunan faifan da lambarsa. Rubuta su a Google a wayarka, hotonsa zai fito. Ɗayan biyu ne. Ko dai mai inci 2.5, ɗan shafaffen akwati da ake jona masa wayoyi biyu, ko kuma M.2, siririn allo mai faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, wanda ake sokawa kai tsaye a madabod, wato babban allon da komai ke jone da shi, ba tare da wata waya ba. Wannan awon shi ne lambar 2280 da za ka gani a kwalinsa.

In zan yi hasashe, mai inci 2.5 za ka gani. Kamfanonin Turai da Amurka da dama idan za su rabu da tsofaffin kwamfutocinsu, cire faifan suke yi saboda sirrin ofis, akwatin ya iso Legas babu komai a cikinsa, 'yan kasuwa su saka masa abin da ya sawwaƙa. In haka abin yake ka yi sa'a, domin gurbin M.2 ɗinka yana nan babu kowa, kuma shi ne gurbi mafi sauri a duk kwamfutar. Illar kawai ita ce mariƙin roba shuɗi da faifai ke zama a ciki yakan tafi tare da faifan da aka cire.

Yanzu buɗewa. Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa goma don ragowar wutar da ke ciki ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki, musamman da hunturu, lokacin da ko mayafi ka yaye sai ka ji ya yi tartsatsi. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe sabon SSD. A bayan akwatin akwai makulli shuɗi, in ka ja shi murfin zai zame. Dell sun sauƙaƙa wa mutane: duk abin da ka ga shuɗi a ciki, an yi shi ne don a kama da hannu. Ka ɗauki hoton ciki da wayarka kafin ka zare ko waya ɗaya. Cire fuskar gaba, ka saki kejin da ke ɗauke da faifai da na'urar DVD, ka ɗaga shi. A ƙarƙashinsa za ka ga gurbin M.2.

Abu uku kake nema: wurin zama, mahaɗar bayanai, da filogin wuta. Wurin zama a ƙaramin akwati irin naka keji ɗaya ne, yana ɗaukar babban faifai (hard disk) mai inci 3.5 guda ɗaya, ko ƙanana masu inci 2.5 guda biyu in akwai mariƙin da ya dace. Mahaɗar bayanai su ne ƙananan ramukan da aka rubuta SATA0, SATA1 da sauransu a gefensu. Ƙirga waɗanda babu waya a kansu. Wayar SATA ta bayanai iri ɗaya ce ko'ina, kowane shagon kayan kwamfuta yana da ita, kuma ba ta da tsada.

Filogin wuta ne inda ake yawan faɗawa rami, bari in tsaya a kansa. A kwamfutar da mutum ya harhaɗa da kansa, akwatin wuta yana fito da tarin wayoyi, kowane faifai ya ɗauki nasa. A 7050 ba haka tsarin yake ba. Akwatin wutarta, mai wat 180 a ƙaramin samfurin, madabod kawai yake ba wa wuta, ta wani filogi mai haƙora shida na Dell da wani mai huɗu na furosesa. Madabod ɗin ne kuma yake raba wa faifai wuta ta wata 'yar mahaɗa, da wata waya ta musamman. Bi wayar wutar da ke jikin SSD ɗinka da yatsa, za ka ga a madabod ta ƙare. Duba ko tana da wani kan SATA mai faɗi da ke lilo babu abin da aka jona masa. Ɗan siririn kan da ya shiga DVD ba ya cikin lissafi, ba zai shiga faifai ba. In akwai kai na biyu, shi ke nan. In babu, sai ka sayi wayar da ke raba kan SATA ɗaya zuwa biyu. SSD ɗaya da babban faifai ɗaya ba za su yi mata nauyi ba: SSD 'yan wat kaɗan yake ci, babban faifai kuma ƙasa da wat goma in yana aiki, sai dai a daƙiƙun farko da yake tayar da injinsa yakan ja fiye da ashirin. Amma kada ka yi ta rabawa kana jera manyan faifai uku huɗu a kan layi ɗaya.

Ga gargaɗin da nake so ka riƙe da kyau. In wayar da ke tashi daga madabod ce ta ɓata gaba ɗaya, ka nemi ta Dell, ta wannan samfurin. Kada wani ya miƙo maka ta HP ko ta Lenovo ya ce ai ta shiga. Shiga daban, tsarin haƙora daban. In bolt 12 ya bi ta inda ake jiran bolt 5, faifan zai ƙone kafin ka ga tambarin Dell a allo, da duk abin da ke cikinsa. A jikin akwatin akwai takarda mai Service Tag, haruffa da lambobi bakwai. In ka shigar da su a shafin Dell, zai fito maka da ainihin samfurinka da littafinsa.

To, in ka tarar gurbin M.2 babu kowa, hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi NVMe, wato SSD mai sauri da ke shiga gurbin M.2, mai 1TB, girman 2280. Babu waya, babu mariƙi, babu maganar wuta. Ka soka shi a ɗan karkace, ka kwantar da shi a hankali, ka ɗaure ƙarshensa. Wasu allunan da ɗan makullin roba shuɗi suke riƙewa, wasu da ɗan ƙaramin sukuru, wanda sau da yawa ba ya nan, don haka ka duba kafin ka tafi kasuwa ka sayo tare. Ka kuma lura, gurbin M.2 iri-iri ne. Akwai gajere da ake yi don katin Wi-Fi, wannan ba na ajiya ba ne.

In kuwa ka tarar 256GB ɗin ne ke zaune a M.2, to kejin ne babu kowa, sai ka cika shi da babban faifai ko SSD mai inci 2.5. In kana son duka uku, wato NVMe da babban faifai da tsohon SSD ɗinka, shi ma yana yiwuwa. Babban faifan ya ɗauki keji, ƙaramin SSD kuma ya koma gurbin DVD. Ana sayar da mariƙi mai siffar na'urar DVD, ka zare ta ka saka shi a madadinta. Ka auna kaurin taka kafin ka saya, domin akwai mai milimita 9.5 akwai mai 12.7. Wa yake ƙona DVD yanzu, kowa filasha yake kawowa ko ya ce a tura masa ta waya. Kuma SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, ko da igiyar roba ka ɗaure shi a gefe inda ba zai taɓa fanka ko madabod ba, lafiya lau zai yi aiki. Babban faifai ne ba a yi wa haka. Faranti ne ke juyawa a cikinsa sau 5,400 ko 7,200 a minti, dole ya zauna daram a keji.

Wanne ya dace da aikinka? Mu yi lissafi. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin kusan 45GB a awa ɗaya. In 1080p kake ɗauka a kan megabit 50, rabin haka ne. Ke nan 1TB zai ɗauki kimanin awa ashirin na 4K. Daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa dina zuwa kai amarya, ka san awa nawa kake tarawa a biki ɗaya, sai ka raba. Ta fuskar sauri kuma, babban faifai yana kwafar 150MB zuwa 200MB a daƙiƙa in yana cikin nishaɗi, SSD na SATA yana tsayawa a wajen 550MB domin nan ne iyakar hanyar, NVMe kuma a gurbi irin naka yana iya haura 3,000MB. Babban faifai ya isa ya kunna bidiyo ɗaya ba tare da tangarɗa ba. Inda yake gazawa shi ne lokacin da ka jera ɗaukar kyamara biyu ko uku kana ja gaba kana ja baya, domin allurarsa sai ta yi ta tsalle daga wannan fayil zuwa wancan.

Ra'ayina, aikin da ke hannu ya zauna a SSD, aikin da aka gama aka miƙa wa masu shi ya koma babban faifai. In kuɗin abu ɗaya gare ka yanzu, ka tuna ciwonka rashin wuri ne, kuma kuɗin da zai saya maka 1TB na SSD yakan saya maka ninkinsa ko fiye a babban faifai. Mai tace bidiyo kullum ya fara da NVMe. Wanda hoto ya fi yawa a aikinsa, ya fara da babban faifai mai 2TB ko 4TB. Akwai kuma dalilin da ya sa ba na son a mayar da SSD rumbun tsofaffin ayyuka a jefa shi a durowa: cajin lantarki ne ke riƙe bayanansa, kuma yana zurarewa a hankali in ba a jona shi. Ƙa'idar JEDEC, wadda masu ƙera SSD ke bi, shekara ɗaya ta gindaya a zafin digiri 30 ga SSD ɗin da ya cinye wa'adin rubutunsa. Durowar shago a watan Afrilu kuwa ka san ta wuce 30.

In babban faifai za ka saya, akwai wani abu da ba a rubutawa baro-baro a jikinsa. Wasu CMR ne, wasu SMR. A CMR kowane layin rubutu zaman kansa yake, ba ya hawa kan na kusa da shi. A SMR ana ɗora layukan rubutu wani a kan gefen wani kamar jerin kwanon rufi, don a samu ƙarin wuri. In za a canja ɗaya a tsakiya, sai an ɗaga na kusa da shi an sake shimfiɗawa. Shi ya sa irin wannan faifai zai fara kwafa da gudu, in ka zuba masa ɗaruruwan GB a jere, ko ya kusa cika, sai ya koma rarrafe. A 2020 an yi ta cece-kuce da aka gano Western Digital na saka SMR a wasu faifan WD Red ba tare da bayyanawa ba, daga nan ne su da Seagate da Toshiba suka fitar da jerin wanne ne wanne. Misali, Seagate BarraCuda mai 2TB, lamba ST2000DM008, SMR ne, WD Blue mai 1TB, lamba WD10EZEX, CMR ne. Don ajiyar da za a zuba a bari, SMR ba laifi. Don faifan da za ka yi ta gogewa kana sake zubawa, nemi CMR. WD Purple da ake sayarwa don kyamarar tsaro yana aiki a kwamfuta kamar kowane faifai, in shi ka samu da sauƙi kada launinsa ya hana ka.

SSD ma yana da irin wannan halin. Masu araha, musamman masu nau'in ma'ajiyar da ake kira QLC, suna da ɗan wuri mai sauri da suke fara karɓar kaya a ciki, in ya cika sai gudun ya faɗi warwas. Samsung 870 QVO mai 1TB yana komawa wajen 80MB a daƙiƙa, wato ƙasa da babban faifai. Mai buga takardu ba zai taɓa lura ba. Kai da kake juye katin kyamara mai 128GB a zama ɗaya, za ka lura ranar farko. Nemi wanda aka rubuta TLC a maimakon QLC, ka kuma duba TBW, wato yawan rubutun da kamfani ya lamunta. Samsung 870 EVO da 970 EVO Plus masu 1TB duka 600 ne, wanda ko 100GB kake rubutawa kullum zai kai ka sama da shekara goma sha shida. Araha ba ta ado, balle a abin da zai riƙe bikin mutane.

Maganar kasuwa. Ko Farm Centre ka je a Kano, ko titin Beirut, ko Banex a Abuja, ka tafi da filasha mai ɗauke da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, kyauta ce kuma tana tashi ba sai an girka ta ba. Ka ce a jona faifan a gabanka. Duba Power On Hours: shekara guda awa 8,760 ce, ke nan faifan da ya nuna 30,000 ya yi sama da shekara uku yana juyawa dare da rana. Sannan duba Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count, ka kalli ainihin adadin da ke can ƙarshen layi. In ba sifili ba ne, ko manhajar ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, ajiye shi komai arharsa. Sai dai ka sani ana iya goge waɗannan lambobin. A farkon 2025 kafar Heise ta Jamus ta bankaɗo yadda aka sayar wa mutane da dama tsofaffin faifan Seagate a matsayin sababbi, an mayar da agogonsu sifili alhali sun yi dubban awoyi suna aiki. In an yi wa Bajamushe haka a shagon intanet mai rajista, kai ma sai ka buɗe ido. Dubi kusoshin jikinsa da haƙoran mahaɗarsa ko akwai alamar an sha jonawa, ka duba shekarar da aka buga a takardarsa. Game da SSD kuwa, akwai na jabu da ke nuna 1TB ko 2TB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Manhajar H2testw ce ke tona asirinsa, tana cika shi taf sannan ta karanta. Tana ɗaukar awoyi, don haka ku yi yarjejeniya da mai kaya a rubuce a rasit cewa kana da kwana biyu ko uku na gwaji.

Ga masu karatu da ba 7050 gare su ba, a taƙaice. OptiPlex 3020 da 7020 da 9020, manya da matsakaita masu girman akwatin mai tambaya, ba su da gurbin M.2 na ajiya. Ana iya saka musu NVMe ta katin PCIe, wanda ake sokawa a dogon gurbin madabod, ya zama wurin ajiya, amma Windows ba za ta tashi daga kansa ba a yadda suka zo. A HP EliteDesk 800, sai daga G3 ne matsakaicin akwati ya samu M.2. HP kuma ba mariƙin roba suke amfani da shi a kejinsu ba, wasu kusoshi ne masu zoben roba da ake ɗaura wa faifan ya zame cikin layi, a tsofaffin samfura irin 8200 da 8300 ma sukan ɓoye na ƙari a bayan fuskar gaba. 'Yan mitsi-mitsin nan da ake kira Micro ko Mini ko Tiny, galibi M.2 da ƙaramin faifai mai inci 2.5 ne iyakarsu. Kai ma mai 7050, in wata rana ka so NVMe na biyu, gurbin PCIe na nan, sai dai ka nemi kati mai gajeren ƙarfe domin akwatinka siriri ne.

Ka saka, ka rufe, ka kunna, ka buɗe This PC, ba ka ga komai ba. Kada gabanka ya faɗi, haka sabon faifai yake. Danna Start da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Disk Management. Zai tambaye ka tsarin da za a shimfiɗa wa faifan, MBR ko GPT. Zaɓi GPT. MBR ba ya wuce 2TB, in ka zaɓe shi a faifai mai 4TB kusan rabinsa zai zauna ba amfani. Daga nan ka danna baƙin filin da aka rubuta Unallocated da maɓallin dama, New Simple Volume, ka bar shi a NTFS, ka ba shi harafi da suna. Za ka ga 1TB ya nuna 931GB, 2TB ya nuna kusan 1.81TB. Ba a cuce ka ba, masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024. In faifan na hannu ne mai tsofaffin sassa, ka tabbatar da girmansa da lambarsa sau biyu kafin ka danna Delete Volume, kuma ka zare duk wani faifan waje kafin ka fara, don kada hannu ya kuskure.

In ko a Disk Management bai fito ba, sake kunnawa kana danna F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke buɗewa kafin Windows ta tashi. A HP F10 ne, a Lenovo F1. Ƙarƙashin System Configuration akwai Drives, inda kowace mahaɗar SATA take da ɗan akwatin da ake yi wa alama, kuma wani lokaci za ka tarar an kashe waɗanda ba a amfani da su. In duk a kunne suke, koma ka danna wayoyin nan biyu da kyau. Sau da yawa matsalar ba ta wuce nan.

Kana cikin BIOS ɗin za ka ga SATA Operation, wataƙila a kan RAID On, haka Dell ke fito da su. Kada ka mayar da shi AHCI don wani bidiyo a YouTube ya ce ya fi. In ka canja shi a ƙarƙashin Windows da aka girka a ɗaya tsarin, shuɗin allo za ka gani da INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Mayar da shi yadda yake, komai zai dawo. Lokacin da ya dace a canja shi ne in za ka girka sabuwar Windows daga tushe, domin a RAID On mai girkawar kan kasa ganin NVMe sai an ba shi direban Intel. Ka kuma duba ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, na kunne a C kafin ka taɓa wani saiti. In yana kunne, ka rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda, domin canjin BIOS na iya sa ya tambaye ka, in kuma babu shi babu shiga.

Mayar da Windows kan sabon NVMe fa? Ni dai da zan bar ta inda take. Bambancin tashi tsakanin SSD na SATA da NVMe 'yan daƙiƙu ne, kuma 256GB ya ishi Windows da Premiere da Photoshop da CorelDraw in ba a jibga musu kayan biki ba. Gudun NVMe a wurin bidiyo ya fi amfani. In ka nace sai ka mayar, Samsung da Western Digital da Kingston duk suna ba da manhajar kwafe faifai kyauta ga wanda ya sayi nasu. In kuma sabuwa za ka girka, ka zare wayar duk sauran faifan ka bar wanda za a girka a kai shi kaɗai. In ba haka ba Windows kan ajiye ɗan sashen da take tashi da shi a wani faifan daban, ba za ka sani ba sai ranar da ka cire wancan kwamfutar ta ƙi tashi.

Ƙara faifai kaɗai ba zai goge jan layin nan ba, sai ka kwashe kaya. Windows na mayar da shi ja ne in abin da ya rage bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Mutane da yawa ba su san duk abin da ke kan Desktop a C yake zaune ba, haka Downloads da Documents da Videos. Danna kowanne da maɓallin dama, Properties, Location, Move, ka nuna masa folda a sabon faifai. Ka ƙirƙiri foldar tukuna, kada ka nuna masa D tsurarsa. Sannan a Premiere ka shiga Preferences, Media Cache, ka goge tsohon tarin ka mayar da wurinsa sabon SSD. Wannan tarin shi kaɗai yakan cinye gomman GB ba tare da mai shi ya sani ba.

Zafi da ƙura. Akwatinka matsattse ne, in ka saka babban faifai zai zauna daidai saman M.2. Bayan ka yi awa guda kana aiki, buɗe CrystalDiskInfo ka ga zafinsu. Babban faifai in yana haura digiri 50, NVMe kuma yana kai 70, to a hure ƙura da bulowa, a riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa, a kuma janye akwatin daga jikin bango ko cikin kabad. Ɗauke wuta kuwa, faifan zamani yana janye allurarsa da kansa in wuta ta yanke, abin da ke lalacewa shi ne fayil ɗin da ake tsakiyar rubutawa, wani lokaci har da taswirar faifan gaba ɗaya. SSD ma bai tsira daga wannan ba. Ƙaramin UPS da zai ba ka minti biyar ka adana aiki ka kashe, ko ya riƙe ka kafin a tayar da janareta, ya cancanci shiga cikin kasafin nan.

A nan ne faifan waje da mai kayan ya ba ka shawara yake da gurbi. Faifai biyu a akwati ɗaya wuta ɗaya suke sha. In ta zo da ƙarfi tare za su tafi, in ɓarawo ya ɗauki akwatin ya ɗauke duka, in ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli ta shigo, wadda galibi ta manhajojin sata take biyowa, duk faifan da ke jone za ta bi. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi don mai hoto ya rasa fayil. Duk aikin da ba ka miƙa ba ya kasance a wuri biyu, kada ka goge katin kyamara sai ka ga kwafi na biyu da idonka, in ka gama kwafa a na waje ka zare shi ka ajiye. Ka riƙa jona shi a ramin USB 3, mai alamar SS a gefe. A USB 2, 100GB sai ya ci maka kusan minti hamsin, a USB 3 kuwa bai fi rubu'in awa ba.

Abu na ƙarshe da zai shafi zaɓinka. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma furosesocin da ke zuwa a 7050, ƙarni na shida da na bakwai na Intel, ba sa cikin jerin da ta amince wa Windows 11. Wata rana za ka canja akwatin nan, amma faifan da ka saya zai bi ka zuwa na gaba, domin SATA da M.2 2280 kowa da su yake aiki. Saboda haka in ka tarar kuɗin NVMe na Gen4, wato sabon zubi da ya fi gudu, ya yi kusa da na Gen3, ɗauki Gen4. A 7050 zai yi gudun Gen3, a sabuwar kwamfuta ya saki jiki. Gen5 kam ɓarnar kuɗi ne a wurinka. Ka kuma guji wanda ya zo da dogon ƙarfen sanyaya manne a bayansa, da wuya kejin faifai ya koma mazauninsa a kansa.